Muryar Baba ba ta da maki

Assalamu alaikum. Ni malamin jami'a ne a nan Sakkwato, a fannin nazarin harshen Hausa. Ba zan faɗi sunan makarantarmu ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, don waɗanda labarin ya shafa har gobe muna gaisawa, wasu ma sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Abin da ya sa na zauna rubutun nan wani ɗalibina ne mai neman digiri na uku. Kwanan baya ya shigo ofis cike da zumuɗi, ya ce yana son ya bi masuntan gulbin Rima ya tattara kalmominsu da muryoyinsu ya zuba a kwamfuta. Na daɗe ina dubansa ban ce uffan ba, daga baya na ce ya dawo wani mako. Amsar da na kasa ba shi ran nan ce nake rubutawa.

Mahaifina majemi ne, haka ma kakana. Na tashi cikin warin toka da kashin tattabara da jiƙaƙƙiyar bagaruwa. Tun ban kai shekara goma ba nake dakan bagaruwa a turmi, ina kallon Baba ya duƙa kan fata yana kankare gashi da kartaji. Fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita tun zamanin da, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko don ta can take isa gare su. Baba na alfahari da wannan. Ni kuwa kunya nake ji, domin a firamare yara kan toshe hanci in na zauna kusa da su.

Kunya ta biyu ta baki ce. Akwai wani malaminmu da ba ɗan ƙasar nan ba ne, duk sanda na ce "munka tahi" sai ya ɗaga rula ya ce in maimaita, "muka tafi". In na ce "biyat", rula. In na ce "gidanai" maimakon "gidansa", rula. Ban riƙe shi a zuci ba, abin da manhaja ta ce ya koyar ke nan, daidaitacciyar Hausa kuwa kowa ya san ta fi karkata ga Kananci. Sai dai yaro ba ya gane wannan. Abin da na fahimta kawai shi ne sana'ar gidanmu wari gare ta, maganar gidanmu kuma kuskure ce. Na ruga cikin boko don in tsere wa duka biyun, sai ga shi Allah ya kai ni sashen Hausa, na yi digiri, na yi na biyu, aka ɗauke ni koyarwa a 2008.

A 2011 ciwon ƙafa ya kwantar da Baba. Wata rana bayan la'asar ina zaune gefen tabarmarsa, sai ya ce in lissafa masa kayan aikin jima. Na faɗi huɗu, na cije. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "To kai mi kaka karantawa can?" Daga nan ya shiga jero su, da sunan kowane mataki da fata ke bi tun daga fiɗa har ranar da za a shafa mata karan dafi ta yi ja. Ina komawa gida na buɗe ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, wanda yakan nuna wannan kalma ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina ko ta Gobir. Na sami wasu. Wasu kuwa babu su a ciki, babu su a sauran ƙamusun da ke kan kantata. Daren nan barci bai zo ba. Na ga cewa in tsohon nan ya rufe ido, akwai Hausar da za a rufe tare da shi, ni kuma da ake biya albashi don Hausa ina gefe ina kallo.

Washegari na ari rikoda.

Da farko Baba kaɗai nake ɗauka. Sai ya fara tura ni wajen abokansa, wannan baduku ne, wancan marini, wancan masaƙi ne da ya daina gani. Daga cikin gari na fara fita a kan babur, Kware, Wurno, Rabah, har gefen Goronyo wajen masunta. Uwargidana ta sayar da 'yan kunnenta na aure muka haɗa da ɗan abin da na tara, na sayi kwamfutar cinya. Wani abokin karatu ya nuna mini manhajar FLEx ta harhaɗa ƙamus, da ELAN wadda ake jera rubutu daidai da sauti, jimla bayan jimla. Na koye su da kaina, da daddare, in an kawo wuta.

Bari in ɗan tsaya a nan, don a kan wannan ne aka yi mini hukunci daga baya. Mutane na zaton aikin kwashe magana ne kawai a zuba a na'ura, kamar mai zuba gero a buhu. Maganar sa'a ɗaya takan cinye mini kwanaki kafin in gama rubuta ta. Kowace kalma sai na tantance karin sautinta da tsawon wasalinta, abubuwa biyu da rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa, alhali su ke raba ma'ana da ma'ana. Sai jinsi, sai jam'i, sai jimlar da aka yi amfani da ita, sai garin da na ji ta, sai hoton abin in kayan aiki ne. In majemin cikin gari ya faɗi kalma, na Wurno ya faɗe ta da ɗan bambanci, dole in yanke shawara, kalma ɗaya ce ko biyu, in kuma rubuta dalilina. Irin wannan shawara na yanke ta sau dubbai. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne, in ka taɓa kalma a allon kwamfuta, muryar mai ita za ta fito. Takarda ba ta iya wannan.

Baba ya rasu a daminar 2013. Kwana kaɗan kafin nan na kunna masa muryarsa, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, ka aje shi wurin da ba shi ɓacewa." Na ce insha Allahu, Baba. A zuciyata na riga na cika alkawari, tunda yana cikin kwamfuta.

Zuwa 2017 rumbun bayanan da na tara a kwamfuta ya haura kalmomi 4,000, kowace da muryarta. Shekarar ce kuma na isa neman ƙarin girma zuwa babban lakcara. Wanda bai san tsarin jami'o'inmu ba, ga yadda yake a taƙaice: bayan ka cika shekarun da aka ƙayyade a mataki, yawanci uku, sai ka cike fom ka jera wallafe-wallafenka. Maƙala a mujalla da makinta, littafi da nasa, babi a cikin littafi da nasa. A tara, in ka kai adadin ka wuce. Maƙaluna ba su da yawa, don duk ƙarfina ya tafi ga rumbun. Ban damu ba. Na rubuta shi a layin littafi, na kwafe shi a filashi, na sa a ambulan na liƙa a jikin fayil. Har ina tunanin yadda za a kira ni a yaba mini.

Da fayil ya dawo, a gaban aikin shekara shida an rubuta sifili da jan biro.

Na je wajen shugaban sashe, mutum mai kirki wanda ya koyar da ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko dai ba a buɗe filashin ba?" Ya ce, "Malam, zauna. Shafi nawa ne? Wace maɗaba'a ta buga? Ina lambar ISBN? Wa ya duba shi kafin ya fito?" Ban da amsar ko ɗaya. Ya ce shi kansa ya san na sha wahala, amma takardar ƙa'ida ba ta san wani abu wai shi rumbun bayanai ba. Sai ya gaya mini abin da wani ya faɗa a zaman kwamiti, cewa wannan ai tara kaya ne, ba bincike ba. Da bai gaya mini wannan ba da ya fi.

Lokacin bazara ne, zafin Sakkwato na dukan mutum kamar bakin maƙera. Na hau babur na rasa inda zan nufa. Na wuce gida, na yi ta tafiya har bakin gulbi, na zauna gindin wata bishiya har aka kira magariba. Kwana biyar ban gaya wa uwargida ba. Da wane baki zan gaya wa matar da ta cire zinariya daga kunnenta? Ita ta gane da kanta, ta ce, "Malam, tuwonka na dawowa yadda na kai shi. Mi af faru?" Da na faɗa mata ba ta ce komai ba sai "Allah shi sa haka shi ne alheri", ta tashi ta shiga ɗaki. Na fi son ta yi faɗa.

A shekarar mutum uku suka wuce ni, ɗayansu ni na koyar da shi a aji biyu. Na je na taya su murna da fatar baki. Ba zan ɓoye ba, na yi hassada, na kuma zama mutumin da ban so. Ɗalibi ya yi ƙaramin kuskure in wanke shi tas a gaban aji. Na daina zama majalisar malamai. Ciwon kai ya matsa mini, da na je asibiti aka ce hawan jini ne, ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Kwamfutar kuwa na rufe ta na tura ƙarƙashin gado. Fiye da shekara ban saurari muryar Baba ba, don in na ji ta sai in ga jan biron nan.

Abin da na yi bayan haka shi ne ya fi ba ni kunya, shi ne kuma dalilin da ya sa nake son matasan malamai su karanta wannan. Na ce tunda maƙala ake so, za a sha maƙala. Na jawo kwamfutar na shiga yanka rumbun gunduwa-gunduwa kamar mahauci. Kalmomin jima guda talatin, maƙala ɗaya. Na rini guda talatin, wata maƙalar. Gabatarwa iri ɗaya, kammalawa iri ɗaya, sai dai a sauya take. Guda bakwai na fitar cikin wata goma sha huɗu. Biyu sun shiga mujallun kirki. Sauran na tura su irin mujallun nan da kana biyan kuɗi mako biyu ya yi yawa an karɓa. Ɗaya daga ciki da ta fito, duk haruffa masu lanƙwasa sun zube, inda na rubuta "ƙirgi" sai ɗan akwati da "irgi". Maƙala a kan Hausa, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Na sa ta a fayil haka nan ina jiran a kama ni. Ta sami cikakken maki. Takardar ƙarin girma ta fito, aka yi ta shigowa ana "barka, barka", uwargida ta yi waina ta raba wa maƙwabta.

A 2021 kwamfutar ta mutu. Na kai ta wajen masu gyara, yaron ya buɗe ya girgiza kai ya ce ma'ajiyar ta ƙone, sai haƙuri. Na tsaya a bakin shagon ƙafafuna na rawa. Ba ni da kwafi a ko'ina. Shekara takwas da rasuwar Baba, na sake rasa shi, wannan karon da hannuna.

Cikin dare na tuna da ambulan. Da safe na sami wani dattijon masinja da ya fi kowa sanin ɗakin ajiyar fayiloli, na ce, "Baba, taimakona za ka yi." Kwana biyu yana tonon ƙura, ran na uku ya zo da fayil ɗin 2017, ambulan na nan liƙe yadda na liƙa shi, ba a taɓa ɓare shi ba. Wato dai ba a buɗe ba. Da a ce an buɗe, wataƙila da filashin ya bi hannu ya salwanta. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Kusan komai na ciki, ban da wasu ɗaukan da na yi wa wani tsohon masunci a gefen Goronyo, waɗanda ban gama rubutawa ba don haka ban kwafa ba. Na aika a tambayo shi, aka ce ya shekara uku da rasuwa. Waɗannan sun tafi ke nan.

Wannan ne ya sauke mini girman kai. Shekara huɗu ina ganin an zalunce ni, kuma har yau ina ganin kwamitin da bai ɓare ambulan ba bai kyauta ba. Amma tambayoyin shugaban sashe ba na banza ba ne. Aikin da ke zaune a kwamfuta ɗaya ƙarƙashin gado, wanda babu mai iya zuwa ya duba, babu mai iya kafa hujja da shi, babu wanda ya taɓa ce masa nan ka yi daidai nan ka kuskure, da wane suna za a kira shi wallafa? Baba ya ce in aje inda ba ya ɓacewa, ni kuwa na aje inda ya fi ko'ina saurin ɓacewa.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya same mu ba albashi, muna cin bashin masu shago. Amma ya ba ni wata takwas na zama. A ciki na ziyarci wani farfesa da ya yi ritaya, na zayyana masa komai. Ya ce, "Kai ma da naka. Ka kai wa ma'auni nono, shi kuwa tiya gare shi. Ko dai ka kawo hatsi, ko ka kawo mai ƙwaryar da za shi auna." Shi ya ce in bincika yadda ake yi a wasu ƙasashe, don ba a kaina aka fara ba.

Haka kuwa aka yi. Na tarar ƙungiyar masana kimiyyar harshe ta Amurka ta zartar da ƙuduri tun 2010, cewa ƙamus da tarin matani da taskar sauti da rumbun bayanai na kwamfuta duk aikin ilimi ne, a ba su nauyi wajen ɗaukar aiki da tabbatar da malami a kujerarsa da ƙarin girma. A can abin ya fi namu tsanani, don malamin da bai sami tabbatarwa ba bayan 'yan shekaru sallamarsa ake yi. Na karanta ƙudurin sau uku. Shekara bakwai kafin sifilina, wasu sun riga sun yi wannan gardama sun gama, ni ban sani ba, kwamitinmu ma bai sani ba. Na kuma ga har akwai mujallar intanet mai suna Dictionaria da ba ta buga komai sai ƙamus na kwamfuta, kuma sai masana sun tantance kafin ta saki.

Sai na shiga ƙera ƙwaryar awo. Na rubuta bayani mai tsawo na yadda aka yi aikin, su wa aka ɗauka, a ina, yaushe, da wace ƙa'ida na rarrabe kalmomi. Na koma gida-gida neman izini, abin da ban yi da kyau ba da farko. Mafi yawa sun yi murna. Iyalan wani marini suka ce a'a, akwai haɗin da mahaifinsu ya faɗa mini don ya yarda da ni ne, ba don duniya ta ji ba. Na cire, ko da yake yana cikin mafi kyawun abin da na ɗauka. Sannan na ɗora rumbun a Zenodo, taskar intanet da cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ke kula da ita kyauta, aka ba shi lambar DOI, wadda ko shafi ya sauya wuri ita tana nan, kowa na iya ambaton ta a maƙalarsa. Daga ƙarshe na roƙi masana biyu daga wasu jami'o'i su duba shi ba sani ba sabo.

Rahotonsu bai zo da daɗi ba. Ɗaya ya nuna mini wurare da dama da na kuskure karin sauti. Ɗayan ya ce wasu kalmomin masunta da na ɗauka Sakkwatanci ne tsantsa, aro ne daga Zabarmanci, in koma in duba. Ina karantawa ina jin wani sanyi a rai. Shekara goma sha ɗaya da fara aikin, sai ran nan wani ya zauna ya saurare shi har ya sami abin da zai musa. Maƙaluna bakwai babu wanda ya taɓa musa mini ko layi ɗaya.

A 2023 na kai takarda gaban taron tsangaya, ina neman a shigar da irin wannan aiki cikin ƙa'idar ƙarin girma, bisa sharaɗin yana taska ta dindindin, da bayanin hanyar aiki, da rahoton masu tantancewa na waje. An yi muhawara mai zafi. Wani ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, gobe kowa zai kwafe ƙamusun wani ya zuba a Excel ya ce ga rumbunsa. Gaskiya ya faɗa, na kuma gaya masa haka, sai dai na tuna masa cewa ƙofar mujallun mako biyu a buɗe take tuntuni, ni ma ta nan na shigo. Ɗakin ya yi tsit. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti. Daftarin da suka fitar ya ce rumbun da aka tantance a ba shi makin babi ɗaya na littafi. Babi ɗaya. Ko wannan ma bai kai ga majalisar jami'a ba tukuna. Fom ɗina na mataki na gaba yana kan tebur yanzu haka, na rubuta rumbun a layin "sauran ayyuka", inda ake sa shugabancin kwamitin wasanni.

Ɗalibin nan ya dawo ranar Talata. Na ce ya yi aikinsa, masuntan ba za su jira majalisar jami'a ba. Amma na sa shi ya rubuta a gabana: kwafi uku a wuri uku tun ranar farko, izini kafin ya kunna rikoda, kuma kowace shekara maƙala ɗaya ta gaskiya daga cikin abin da ya gano, don kada ranar awo ta same shi hannu wofi. Na hana shi taɓa kayan auren matarsa.

Ran Juma'ar da ta wuce na je gaida Inna. Ɗan ƙanena, wanda shi kaɗai ya rage yana jima a gidanmu, ya buɗe rumbun a wayarsa ya kanga mata a kunne. Muryar Baba ta fito tana bayanin kwana nawa fata ke yi a ruwan bagaruwa. Inna ta saurara, idonta a rufe, ta sa aka maimaita. Sai ta ce, "Tsohon ga ya mance. Ba hakanan aka yi ba in da sanyi, sai an ƙara kwana." Na ce, "Inna, tsaya." Na lalubo biro a aljihu, na ce wa yaron ya kunna rikodar wayar.